Fayil ɗaya ya tsayar da kwafin dubu: yadda ake tsallake shi ba tare da asara ba

A ofisoshi da shagunan buga takardu na Maraɗi, Damagaram da Yamai, abin ya saba faruwa. Sakatare ya sa kwamfuta ta kwafe dosiyoyin shekara guda zuwa kile USB ko faifan ajiya na waje, ya tafi gida, da safe ya tarar aikin ya tsaya ko rabi bai kai ba, saboda fayil ɗaya da ya ƙi tafiya. Mafi muni shi ne wanda ya danna "Ignorer" ba tare da ya karanta ba, ya ɗauka komai ya wuce, sannan ya goge na asali.

Saƙon da Windows ke nunawa shi ne ke bayyana irin matsalar. Idan ya ce fayil ɗin a buɗe yake cikin wata manhaja, to lafiyarsa ƙalau, riƙe shi kawai aka yi. Word, Excel da Outlook kan riƙe fayilolin da suke aiki da su. A rufe su, ko a sake kunna kwamfutar, sai ya wuce. Idan kuwa saƙon ya ambaci "contrôle de redondance cyclique", maganar ta fi nauyi: wurin da fayil ɗin yake a kan faifai ne ya lalace. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu, da zare kile ba a bi ƙa'ida ba, suna cikin abubuwan da ke ɓata fayiloli. Akwai kuma wanda ba shi da laifi ko kaɗan: kile mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya kai giga 4, komai yawan wurin da ya rage, shi ya sa bidiyon biki kan maƙale.

Ga aiki mai yawa, Windows na da wata manhaja a cikinta tun daga Vista, sunanta Robocopy, ba sai an sayo ba. Ana buɗe "Invite de commandes" a rubuta:

robocopy D:\Dosiye E:\Ajiya /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\Users\Public\rahoto.txt

Na farko inda fayilolin suke, na biyu inda za su. /E na kwashe har ƙananan dosiyoyi. Amma /R:1 da /W:1 su ne gishirin maganar. In ba a sa su ba, Robocopy kan sake gwada fayil mai taurin kai har sau miliyan ɗaya, tana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, kusan shekara guda ke nan a kan takarda ɗaya. Da su, sai ta sake gwadawa sau ɗaya, ta rubuta sunansa a rahoto, ta ci gaba. In wuta ta ɗauke, a sake rubuta layin nan. Abin da ya riga ya wuce ba za ta maimaita shi ba. A guji /MIR in ba a san ta sosai ba, domin tana goge duk abin da ke wurin ajiya wanda babu shi a na asali.

Bayan an gama, a buɗe rahoton a ga sunayen da suka rage. Idan faifan na ƙara ko yana yawan tsayawa, kada a yi gaggawar sa masa chkdsk. Gyaran kan wahalar da faifan da ke gab da mutuwa, wani lokaci ya ƙarasa shi. A fara kwashe masu lafiya, mafi muhimmanci a gaba, sannan a kai wa mai gyara wanda ya san ddrescue, manhajar Linux da ke tsamo abin da zai tsamu.

A kullum a zaɓi "Copier", ba "Couper" ba, kuma a buɗe wasu fayiloli a sabon wurin kafin a goge komai. Kilen jabu masu araha, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, kan karɓi kwafi ba ƙorafi, sai ranar buƙata a tarar takardun ba sa buɗuwa. H2testw, manhaja ce ta kyauta, tana cika kile ta sake karantawa, ta faɗi ainihin abin da take iya ɗauka.