Sojojin ƙundumbala na ruwa

Sojojin ƙundumbala na ruwa mayaƙa ne da ake ɗauka a jirgin ruwa, amma a ƙasa suke yaƙi. Sun bambanta da matuƙa da ma'aikatan jirgi. Dalilin kafa su shi ne jirgi yana iya yi wa gari luguden wuta daga nesa, amma ba ya iya kama garin ya riƙe shi, sai an sauke mutane sun taka ƙasa.

Asali

Sifaniya ta kafa irin wannan runduna a 1537, Ingila a 1664, Amurka a 1775. Da farko aikinsu tsaron jirgi ne da afka wa jirgin abokan gaba. Bayan asarar da Birtaniya da ƙawayenta suka tafka a Galifoli a 1915, masana yaƙi da yawa sun ɗauka cewa sauke dakaru a gaɓar da ake tsaro ganganci ne. Amurka ta sake nazarin lamarin, ta tsara yadda jiragen ruwa da na sama za su riƙa kare masu sauka, kuma da wannan tsari ta yaƙi Japan a tsibiran tekun Fasifik daga 1942 zuwa 1945.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta

Yaƙin ƙasar Hausa na doki ne. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa yankin Anka da Bukkuyum da Gummi, cika yake yi da damina ya janye da rani, kuma da rani ake fita yaƙi, don haka kwalekwale ya tsaya ga fito da su. Sai an gangara yamma, inda gulbin ya haɗu da na Kabi ya nufi Kwara, ruwa ke zama hanyar mayaƙa. Sarki Sonni Ali na Songhai, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, yana da rundunar jirage a kogin Kwara ƙarƙashin wani basarake mai sarautar Hi-koi, kuma da su ya yi wa birnin Jenne ƙawanya har ya miƙa wuya. Labaran gargajiya na Kabi ma suna ambaton jiragen Kanta, wanda ya zauna a Surame a ƙarni na 16.

Turawa ta ruwa suka shigo. A 1897 Admiral Harry Rawson ya sauke sojojin ruwan Ingila a gaɓa, suka haɗu da dakarun Afirka, cikinsu har da Hausawa, suka ci birnin Benin.

Yaƙin basasar Najeriya

A Yulin 1967 jiragen sojan ruwa suka sauke dakarun tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle a tsibirin Bonny, tashar lodin ɗanyen mai. A Oktoba aka sake yin haka a Kalaba, sannan Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968. Wannan ya raba Biyafara da teku, ya bar mata jirgin sama kawai don shigo da makamai da abinci, abin da ya tsananta yunwar da ta halaka fararen hula masu ɗimbin yawa. Rundunar ta yi suna a matsayin ta ƙundumbalar ruwa ta 3, duk da cewa mayaƙanta sojojin ƙasa ne da suka koyi aikin a fagen fama. Olusegun Obasanjo ya karɓi jagorancinta a Mayun 1969.