Hoton Ɗan Siyasa: Me Ya Kamata a Rufe, Me Ya Kamata a Buɗe?

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Da masu wannan karin magana sun riski zamanin wayar hannu, da sun haɗa da hoto. Domin kuwa a yau hoton da aka ɗauka da hantsi a wani ɗakin otal na Bonanjo, kafin a kira sallar azahar ya zagaye teburan masu shayi na New Bell, ya shiga rumfunan teloli na kasuwar Congo, ya haura Briqueterie ta Yawunde, kafin magariba kuwa ana gardamarsa a Garwa da Marwa.

Idan hoton na mawaƙi ne ko ɗan ƙwallo, abin da sauƙi: a yi surutu kwana biyu a watse. Amma idan na wanda muka jefa wa ƙuri'a ne, watau depite ko magajin gari ko kansila, to magana ta canja. Shin ɗan siyasa na da ikon ya sa kowane irin hoto nasa a Facebook ko Instagram ko TikTok, ko da na bayyana jiki ne, tun da jikin nasa ne kuma wayar tasa ce? Ko kuwa kujerar da ya hau ta ɗaura masa wani takunkumi wanda sauran jama'a ba su da shi?

Jiya da yau

Manyanmu za su tuna lokacin zaɓen 'yan majalisa na watan Maris 1992, sa'ad da jam'iyyu da yawa suka dawo fage. A wancan zamani hoton ɗan takara sai ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso idon jama'a. Mai ɗaukar hoto ya gyara masa zaman hula, 'yan jam'iyya su zaɓa, maɗaba'a ta buga, sa'an nan yara su bi bango suna mannawa, ko kuma a buga shi a jikin atamfa. A kowane mataki akwai mai iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan bai dace ba." Yanzu duk waɗannan hannaye sun kau. Tsakanin ɗan siyasa da dubun dubatar jama'a babu kowa sai ɗan yatsansa, shi kuwa yatsa ba ya ba da shawara.

Hukumomin ƙasar nan sun daɗe da jin zafin abin. A ƙarshen shekarar 2013 gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da shigar banza, irin wadda samarin Duwala suka laƙaba wa suna DVD, watau baya da ciki a waje. A watan Nuwamba 2016 kuma shugaban majalisar dokoki na lokacin, Cavaye Yeguie Djibril, ya kwatanta waɗannan kafofi da wani sabon nau'in ta'addanci. Sai dai duk wannan faɗa talaka aka yi wa. Ba safai ake juya madubin a haska masu mulkin da kansu ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A watan Oktoba 2020 wata mujallar ado ta ƙasar Finlan mai suna Trendi ta buga hoton firayim ministar ƙasar, Sanna Marin, sanye da kwat ba tare da riga a ciki ba. Wasu suka ce ta zubar da girman kujera. Wasu mata kuwa suka riƙa yin irin shigar suna sa hotunansu don nuna goyon baya, suna tambaya: ina masu sukar suke lokacin da shugaban Rasha, Vladimir Putin, ya hau doki ba riga a 2009 aka watsa hoton a duniya?

A Faransa, wadda labarinta ba ya wuce kunnen mutanen Kamaru, ministar nan Marlène Schiappa ta fito a bangon mujallar Playboy a watan Afrilu 2023. Da tufafinta ta fito, amma mujallar ta yi suna ne wajen hotunan tsiraici, ga shi kuma a daidai lokacin ma'aikata na kan titi suna zanga-zangar ƙin ƙara shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Firayim minista Élisabeth Borne ta kira ta ta shaida mata cewa abin bai dace ba. Mai karatu ya lura, ba yawan fatar da aka gani aka auna ba, wuri da lokaci aka auna.

A Amurka kuma namiji ne ya faɗa rami. A shekarar 2011 ɗan majalisa Anthony Weiner ya tura wani hoton rashin kunya nasa ta Twitter, ya kuskure ya sake shi a fili. Da farko ya ce kutse aka yi masa. Da gaskiya ta yi halinta sai ya amsa, a watan Yuni na shekarar ya ajiye muƙami. Mutane da yawa na ganin ƙaryar da ya shirga ita ta fi hoton kayar da shi.

Ga kuma maƙwabciyarmu Gini Ikwatoriya. A watan Nuwamba 2024 faya-fayen batsa masu yawa na Baltasar Ebang Engonga, shugaban hukumar binciken hada-hadar kuɗi ta ƙasar, suka bazu a wayoyi, wasunsu a cikin ofishin gwamnati aka ɗauka. An tsige shi. Amma ɗaurin shekara 8 da kotu ta yi masa a watan Agusta 2025 na cin dukiyar jama'a ne. Duk Duwala ta san labarin faya-fayen, ƙalilan ne suka bi labarin kuɗin.

A nan gida

Misali mafi kusa da mu ba na tsiraici ba ne, amma ya taɓo jijiyar maganar. A zaɓen 9 ga Fabrairu 2020 mazaɓar Wouri ta Gabas ta tura Nourane Fotsing, wadda aka fi sani da Nourane Foster, zuwa majalisar dokoki mai kujeru 180 a ƙarƙashin jam'iyyar PCRN ta Cabral Libii. Tun kafin siyasa 'yar kasuwa ce mai kamfanin kayan kwalliya Nourishka, kuma fuskarta da hotunanta suna cikin abin da ya tallata kasuwar. A watan Agusta 2022, bayan wani rahoton gidan talabijin na France 24 a kan abubuwan sha masu sa hasken fata, ministan lafiya Manaouda Malachie ya umarci kamfanin ya dakatar da sayar da irin waɗannan kaya. A cikin watan ne kuma ma'aikatar ta hana shigowa da sayar da mayukan shafe-shafe masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa.

Ko mutum yana goyon bayanta ko yana adawa da ita, tambayar da lamarin ya bari tana nan. Idan yarinya a New Bell ta ga hoto mai sheƙi a wayarta, wa take kallo: 'yar kasuwa mai talla, ko wakiliyar jama'a wadda maganarta ke da nauyin majalisa? Hoton ɗaya ne, amma riguna biyu ne a jikin mai shi. Wannan kuwa ya shafi kowane ɗan siyasa mai sana'a, mace ko namiji.

Abin da doka ta ce

Dokar hukunta laifuffuka ta 2016, a sashe na 263, ta tanadi hukunci ga wanda ya yi abin rashin kunya a bainar jama'a. Dokar laifuffukan intanet ta 21 ga Disamba 2010 kuwa, a sashe na 74, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5 ga wanda ya ɗauki ko ya watsa sirrin wani ba da yardarsa ba. Kuma doka ta taɓa cizo a nan garin. A watan Yuni 2021 hotunan wata budurwa da aka ɗauka a ofishin wani fitaccen ɗan jaridar wasanni suka bazu, a shekarar 2022 kotu ta ɗaure shi da abokinsa na wasu watanni.

To amma doka laifi take aunawa, ba ta auna kunya. Akwai hoton da alƙali ba zai ce komai a kansa ba, alhali kuwa duk mai hankali ya san bai kamaci mai riƙe da amanar jama'a ba. A nan ne ake bukatar mudu na daban, wanda jam'iyyu da majalisu za su rubuta wa 'ya'yansu, mu kuma masu zaɓe mu riƙe shi a ka.

Mudun da ya kamata mu riƙe

Na farko, a tambaya wa ya saki hoton. Wanda ya sa da hannunsa ya ɗauki alhakinsa. Wanda aka sace wa, ko aka yaudara, ko aka haɗa masa na ƙarya da kwamfuta, shi aka zalunta. A watan Fabrairu 2020 Benjamin Griveaux ya janye daga takarar magajin garin Paris bayan an watsa wani faifan sirrinsa, amma a 2023 wanda ya watsa ne kotu ta kama da laifi. Yanzu da na'ura ke iya ɗora kan mutum a jikin wani cikin minti kaɗan, gani da ido ya daina zama hujja.

Na biyu, a tambaya a ina, kuma da kayan wa. Ofis, da tutar ƙasa, da ɗamarar da depite ke ratayawa, da motar hukuma, duk kayan aro ne. Ba a yin tallar jiki ko tallar haja da su. Shafin da ɗan siyasa ke sanar da aikin majalisa shi ma ofis ne, ko da a aljihu yake.

Na uku, mudu ɗaya ga kowa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sau nawa muka ga majalisar hira ta yi wa mace 'yar siyasa kaca-kaca don ɗankwalinta ya zame, alhali namijin da ya sa hotonsa a bakin teku da gajeren wando, ko a gidan rawa yana liƙin kuɗi, dariya kawai aka yi masa? Idan kunya ado ce, to ba ta mata kaɗai ba ce.

Na huɗu, in an yi kuskure a amsa shi da wuri. Jama'a kan yafe tuntuɓe, amma ba su cika yafe wa wanda ya raina musu hankali ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Akwai wata buɗewa wadda ita doka ta wajabta, ita ce kuma har yanzu muke jira. Sashe na 66 na tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya ce shugaban ƙasa, da ministoci, da 'yan majalisa, da sauran masu riƙe da dukiyar jama'a su bayyana kadarorinsu a farkon aiki da ƙarshensa. An yi dokar aiwatarwa a watan Afrilu 2006. Amma har aka yi zaɓen shugaban ƙasa na watan Oktoba 2025 ba a fara aiki da ita ba.

Ga abin mamaki! Ana nuna mana agogo, ana nuna mana mota, ana nuna mana ɗakin otal na Dubai, wani lokaci har a nuna mana abin da ya kamata sutura ta rufe, amma takardar da za ta faɗi inda kuɗin ya fito ta gagara. An buɗe abin rufewa, an rufe abin buɗewa. Mu kuma muna can muna gardamar tsawon siket, ruwan sama na shiga mana ɗaki duk damina, magudanun unguwa sun cushe, gobara na cin rumfunan kasuwa.

Namu rabon

Unguwannin nan sun haura shekara 100. Tun bayan da Jamusawa suka ware New Bell gab da yaƙin 1914, iyayenmu fatake da mahauta da masu goro suka zauna a cikinta, ba su da yawa, ba su da mulki, jarinsu shi ne a ce Bahaushe ya faɗa ya cika. Ƙaramar al'umma a babban gari kuwa kowa nata wakili ne. Duk ɗanmu da ya samu kujerar kansila a Duwala ta 2, ko ya shiga kwamitin wata jam'iyya, ya sani cewa hotonsa ba sunansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Sai dai kada wannan ya zama sandar korar 'ya'yanmu mata daga fage. Yarinyar da ta yi karatu, ta ga yadda ake tsiraita 'yan siyasa mata a wayoyi da gaskiya da ƙarya, za ta ce ita da siyasa haihata-haihata, mahaifinta ma ba zai bari ba. Ranar da za a raba rumfunan kasuwa ko a yi maganar asibitin haihuwa, sai a duba ɗakin taro a tarar babu tamu ko ɗaya.

Saboda haka, jama'a, idan irin wannan hoto ya faɗo cikin zauren WhatsApp na unguwa ko na masallaci ko na 'yan kasuwa, kada a tura shi gaba, ko da da niyyar Allah wadai ne, domin mai turawa abokin aikin mai sakewa ne a gaban doka. Shugabannin zaure su goge, su ja kunnen wanda ya kawo. Idan kuma ɗan siyasar da kansa ya saki, to a ajiye masa a rai. Ranar da ya zo neman ƙuri'a, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, sa'an nan a yi masa tambaya biyu cikin ladabi: wane aiki ka yi mana, kuma yaushe za mu ga takardar dukiyarka?

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu shugabanni masu jin kunyarmu.