Tsatsa ta fara fitowa a kejinka? Kada ka yi saurin kankare fentin duka

Da yawanmu muna da tsohon keji, ƙofar ɗakin kaji ko ƙafar tankin ruwa da fentinsu ya koɗe, tsatsa ta yi ɗigo-ɗigo a jiki. Wani sai ya kankare komai, wani kuma ya shafa sabon fenti a kan tsatsar. Duka biyun asara ce. Tsohon fentin da bai ɓare ba yana nan yana kare ƙarfe, ita kuwa tsatsar da aka rufe ci gaba take yi da cin ƙarfen ta ƙarƙashi.

Danshi da iska ne ke kawo tsatsa, kashin kaji kuma yana ƙara mata gudu. Shi ya sa ƙasan keji ke riga ko'ina lalacewa.

Ga yadda za ka yi:

1. Bari sai ka fitar da kaji, ɗaki babu kowa. Lokacin rani ya fi, kafin damina.
2. Wanke da ruwan sabulu da soso mai laushi, ka ɗauraye.
3. Goge wurin tsatsar kaɗai da burushin ƙarfe. Ka jiƙa wurin tukuna don kada ƙura ta tashi, ka kuma rufe hancinka, domin wasu tsofaffin fenti na ɗauke da gubar dalma.
4. Idan ta yi taurin kai, ɗora tsumma mai ruwan khal na wasu sa'o'i, ka goge, ka ɗauraye, ka busar nan take. Amma banda ƙarfe mai rufin zinki, khal na cinye rufin.
5. Shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke amfani da shi. In ya bushe, sai fentin mai a kai.

Hattara! Share ɓarɓashin fenti tas, kaza duk abin da ta gani sai ta tsattsaga. Kada ka shafa baƙin man inji, guba ne. Masu kifi, irin wannan fenti na bayan tanki ne kawai. Ciki kuwa a shimfiɗa tamfol. Kada a dawo da kaji sai wari ya fita gaba ɗaya.

In ka danna ƙarfen ya lotsa ko ya huje, ya wuce fenti, sai mai walda.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.