Motar da aka mayar mai gas: yawanci laifin na wuta ne, ba na gas ba

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnati ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Ƙorafin da kan biyo bayan wannan aiki kusan ɗaya ne: mota tana tafiya lafiya a kan fetur, amma da zarar an juya ta kan gas sai ta riƙa kakkatsewa, ta kasa hawa tudu da lodi, wani lokaci ma ta yi ƙara kamar harbi. Ga direban da ke jigilar 'yan kasuwa daga Gusau zuwa Anka, Bukkuyum da Gummi, mutuwar mota a dajin wannan hanya ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, ganin yadda matsalar tsaro take.

Gas ya fi fetur wuyar kunnuwa. Tartsatsin da filogi ke fitarwa yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki kafin ya tsallaka ratar bakinsa, saboda haka koyil da ya fara gajiya, ko wayar filogi da ta tsage, za su iya ɓoye aibinsu a kan fetur, gas ya tona musu asiri. Kafin a taɓa kayan gas ɗin, bakanike ya ciro filogai ya duba. Injuna da dama kan zo da rata ta kusan milimita 1.1, masu aikin gas kuwa kan rage ta zuwa 0.7 ko 0.8. Idan silinda ɗaya ce ke tsallake, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta. In matsalar ta bi koyil, an gano ɓarawon. Tsagaggiyar waya kuwa da dare ake kama ta, domin a duhu ana ganin tartsatsi na tsalle zuwa jikin inji.

Sai batun lokacin tashin wuta, wanda makanikai ke kira taimin. Gas yana ci a hankali, don haka ana so tartsatsin ya ɗan riga lokacin da aka saba. Masu tseren motoci a Amurka da ke fesa wa inji iskar nitrous oxide akasin haka suke yi. Kashi 36 cikin 100 na nauyin wannan iska oksijin ne, alhali na iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 ne, don haka wutar kan ci da sauri, sai su jinkirta tartsatsi da kimanin digiri 2 a kan kowane ƙarin ƙarfin doki 50, gudun kada fistin ya narke. Bakaniken da ya kwafi saitinsu daga intanet ya ɗora wa motar gas, ƙarfinta zai kashe.

Akwai kuma tarko: idan aka matso da taimin dindindin saboda gas, ranar da tukunya ta ƙare aka koma fetur sai inji ya fara ƙwanƙwasa. Shi ya sa ake haɗa wata 'yar na'ura da ke matso da wutar a kan gas kawai. Wannan ya fi shafar direban yammacin Zamfara, wanda rabin tafiyarsa kan iya ƙarewa a kan fetur, ya kamata ya tambayi mai aikin ko ya sa ta kafin ya biya.