Tsaron Kajin Gida Daga Maƙiyansu, Da Yadda Za A Bi Da Zakara

Da wuya a shiga gida a ƙauye ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ko a bayan danga ba. Yawancinsu na mata ne da yara, kuma su ne dukiyar da ta fi saurin zama kuɗi. In yaro ya kwanta ciwo, ko baƙo ya sauka, ko an tashi suna, kaza ake fara kamawa. Saboda haka asarar kaji ba ƙaramin abu ba ce ga talaka, ko da yake ba a cika kai ƙararta gaban hakimi ba.

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, ta yi kwana 21 a kansu, sa'an nan ta ƙyanƙyashe. Tana iya yin haka sau uku ko huɗu a shekara. Amma sau da yawa akan ga kaza ta fito da 'yan tsaki goma, bayan wata biyu saura uku ko huɗu ke bin ta. Mutane sukan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ba a ce mutum ya bar wa muzuru ƙofa a buɗe ba. Yawancin ɓarnar nan a lokaci biyu take aukuwa, watau da dare in kaji ba su da rufaffen makwanci, da kuma makonni shida na farko na rayuwar 'yan tsaki. Wanda ya tsare waɗannan lokatai biyu, ya kuma zaɓi zakara nagari, ya rage asararsa ƙwarai.

Sanin maƙiyi ta wurin ɓarnarsa

Kafin a yi maganin ɓarna sai an san mai yin ta, domin kowane maƙiyi da hanyarsa. Akwai masu zuwa ta sama da rana, akwai masu zuwa ta ƙasa, yawanci da dare.

Shirwa ita ce babbar ɓarauniyar 'yan tsaki. Takan yi ta shawagi bisa gari, in ta ga ɗan tsako a fili sai ta kawo sura, ta tafi da shi ɗungum, ba ta barin alama. Shaho kuwa yakan fake a itace, ya faɗo da sauri, yana iya kama sagara, kuma yakan bar tarin gashi inda ya fige ta. Hankaka ya fi son ƙwai. In an ga ɓawo da huda an shanye abin da ke ciki, ana iya zarginsa.

Muzuru da dare yake zuwa, yana hawa itace da katanga, ya ɗauki kaza guda, da safe a tarar da gashi da fukafukai a bayan gida. Tunku yana shiga ta 'yar ƙaramar kafa, yana cizon kai ko wuya, wani lokaci ya kashe fiye da abin da zai ci. Ɓera da gafiya suna jan 'yan tsaki daga ƙarƙashin uwarsu, suna kuma fasa ƙwai. Maciji yana haɗiye ƙwai da 'yan tsaki, ba ya barin ɓawo ko gashi. Damo da guza su ma suna cin ƙwai, musamman in kaza ta yi sheƙa a ciyawa kusa da fadama. Karen da ya koyi kamun kaji yakan yayyaga su ya bar su a yashe. In kuwa manyan kaji ne ke ɓacewa, babu gashi babu jini, to, sai a binciki mai ƙafa biyu.

Akurki

Kajin da ke kwana a kan itace, ko a zaure, ko a gindin rumbu, suna hannun duk abin da ke yawon dare. Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta kuwa iya gudu. Saboda haka abu na fari shi ne akurki mai ƙofa.

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Ana iya gina shi da ƙasa, ko a yi shi da itace da kara a ɗaga shi kamar ƙafa uku daga ƙasa, yadda ake ɗaga rumbu. In an ɗaga shi, a sa wa kowace ƙafa gwangwani ko guntun kwano a kife, domin ɓera da maciji su kasa hawa. In na ƙasa ne, a daɓe cikinsa sosai, a riƙa duba gindinsa ko an yi rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka duk tsagar da aka gani a liƙe ta ran nan.

Lalle ne a bar kafofin iska a sama, gama kaji suna wahala da zafi, amma a rufe su da ragar waya mai ƙananan idanu, kamar rabin inci. Raga mai manyan idanu tana hana kaza fita, ba ta hana tunku ko maciji shiga. A gicciya sanda a ciki inda kaji za su hau su kwana, a ba kowace kamar inci takwas. A sa tukwane ko kwanduna a lungu domin su yi ƙwai a ciki, kada su tafi jeji su yi sheƙa.

Ƙofa kuma sai ta zama ta itace ko ta kwano, mai sakata. Dutse ko faifan da aka jingina ba ƙofa ba ne. A ɗora wa mutum guda a gida aikin ƙirga kaji da rufe su da magariba, da buɗe su bayan gari ya waye sarai. In ana watsa musu ɗan tsaki a bakin akurki kowace yamma, cikin 'yan kwanaki za su saba da komowa da kansu.

A share akurki ko da sau ɗaya a mako, a barbaɗa toka saboda ƙuma da ƙwarƙwata, kashin kuwa a kai gona, taki ne mai ƙarfi. A nome ciyawa a kewaye, a kau da tarin itace da tsofaffin tukwane inda maciji zai fake. Kada a bar dusa ko hatsi ya kwana a ƙasa, domin shi ke jawo ɓera, ɓera kuwa shi ke jawo maciji. Har wa yau akwai wani irin ɓera da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, ciwon da aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Wanda ya rage ɓeraye a gidansa ya tsare kajinsa, ya tsare iyalinsa.

'Yan tsaki

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta kaɗai ba ya isa. Maganin shirwa shi ne kada 'yan tsaki su yi yawo a fili tun suna ƙanana. A saƙa babban kwando mai faɗin gindi, a kife uwa da 'ya'yanta a ciki da rana, a inuwa, a riƙa matsar da shi sabon wuri kowace safiya. A ba su tsakin gero ko dawa, da dusa, da gara, da ɗanyen ganye yankakke, da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi, a jefa tsakuwa a ciki kada su nutse. Da dare a shigar da su akurki.

A yi haka har mako shida. Daga nan sun yi gashi, sun yi wayo, suna iya ruga wa mafaka in sun ji gargaɗi. Yana da kyau a bar musu wurin fakewa a tsakar gida, kamar rumfa gajeriya ko ƙarƙashin rumbu, gama shirwa ba ta iya sura sai a sarari.

Zakara

Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. Amma amfanin zakara bai tsaya nan ba, shi ne mai gadin garke. Yayin da kaji suka duƙufa ga tono, shi kansa a ɗage yake. Yana da kuka iri biyu na gargaɗi, ɗaya in ya hangi abu a sama, ɗaya in ya ga abu a ƙasa, kaji kuwa sun san bambancinsu. In sun ji na sama sai su ruga su fake, in sun ji na ƙasa sai su miƙe wuya su duba. In ya sami abinci yakan kira su kafin ya ci.

Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. In zakaru suka yi yawa, sai faɗa ya hana su gadi, su kuma dami kaji da hawa har gashin bayansu ya tsige, ƙwai ya ragu. Saboda haka a ware 'yan zakaru tun suna wata uku, kafin su fara cara, a yi musu kiwo dabam, a sayar ko a yanka lokacin Salla sa'ad da suke da daraja. A bar guda wanda ya fi girma da lafiya da kuzari, wanda ake gani yana kiran kaji ga abinci.

Zakarun da suka tashi tare sukan san babba a cikinsu, su zauna lafiya. Baƙon zakara shi ke ta da faɗa. In ƙaimin zakara ya yi tsini har yana yi wa kaji rauni, a goge bakinsa kaɗan, kada a yanke shi can ciki, gama yana zub da jini. Zakaran da ya fara kai wa mutane hari, musamman ƙananan yara, kada a yi wasa da shi, domin tsayinsa daidai yake da fuskar mai rarrafe, yana iya taɓa ido. A yanka shi, a kuma hana yara tsokanar zakaru, gama tsokana tana ƙara musu faɗa.

Cara kuwa halitta ce, ba a hana ta. Amma zakaran da ya kwana a rufaffen akurki bai kai wanda ya kwana a kan katangar maƙwabci damun mutane ba.

Kowace shekara ya kamata a sāke zakara, a yi musanya da na wani gari, domin kada ya riƙa hawan 'ya'yansa, iri ya lalace. Amma fa a yi hankali da zakaran kasuwa. Akwai ciwon kaji da ake kira Niyukasil, wanda aka fara ganewa a 1926, aka kuma tabbatar da shi a Nijeriya a Ibadan a 1952. Yana sa zawo kore, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya, ya fi tsanani da hunturu, kuma yana iya share kajin gari cikin 'yan kwanaki. Duk kazar da aka sayo a tsare ta dabam mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Ciwon ba shi da magani, amma yana da rigakafi, wanda ake yi a cibiyar binciken ciwon dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a can a 1924. Malamin dabbobi zai faɗi yadda ake samunsa.

Akwai kuma kajin da aka inganta, kamar Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar a shekarar 2000. Irin waɗannan sun fi kajin gida yawan ƙwai, amma ba su kai su wayon guje wa shirwa da muzuru ba. Wanda bai gina akurki ba kada ya fara sayensu, abinci zai saya wa maƙiyan kaji.

Gargaɗi game da guba da maciji

Wasu sukan sa guba a nama domin muzuru ko kare. Wannan mugun abu ne. Guba ba ta zaɓe, tana kashe kyanwar da ke kama ɓera, da ungulun da ke share mushe, tana kuma iya faɗawa hannun yaro. Haka nan kada a kashe farar mujiya don camfi, yawancin abincinta ɓeraye ne.

Kada mutum ya zura hannu cikin akurki da duhu, sai ya haska tukuna. Kumurci yana son akurki, yana kuwa tofa dafi a ido. In haka ta faru a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a tafi asibiti. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a gaggauta kai shi asibiti.

Abin da ake roƙon hakimai da malamansu

1. In hakimi ya fita rangadi, ya yi wa dagatai da masu unguwa bayanin akurki da kwandon 'yan tsaki, ya umurce su su isar da maganar har cikin gidaje, gama mata su ne masu kajin.
2. A kowane gari a nemi gida guda da zai gina akurki irin wanda aka bayyana, domin jama'a su gani da idonsu. Ya fi kyau a fara da gidan dagaci.
3. In rigima ta tashi tsakanin maƙwabta a kan kare mai kamun kaji, ko zakara mai faɗa, ko kaji masu tone shuka, a sulhunta da wuri. Mai kare ya ɗaure karensa, mai kaji ya tsare kajinsa lokacin shuka.
4. Malamin hakimi ya riƙa rubuta garuruwan da aka yi asarar kaji, da watan da aka yi, da abin da aka ce ya jawo ta, domin a san inda za a fi ba da ƙarfi.
5. In kaji suka fara mutuwa da yawa a gari ɗaya, babu rauni a jikinsu, wannan ba aikin muzuru ba ne. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ran nan, a hana kai kajin garin kasuwa, a binne waɗanda suka mutu cikin rami mai zurfi, kada a ci.

Abin da ake bukata duka bai wuce ƙasa da kara da 'yar ragar waya ba, sai kuma mutum guda da zai tuna da sakata kowace magariba. Gidan da kazarsa ke raya 'ya'ya uku, in ta koma raya bakwai, to, dukiyar matan gidan ta ninka ba tare da an sayi ko kaza ɗaya ba.