Shirin Musamman: Neman Hoton Yadi da Saƙa a Intanet

 Shirin namu na yau ya leƙa teburin masu zane a kwamfuta, waɗanda ke haɗa katin biki, bangon littafi da allon talla.

Kusan kowane ɗayansu ya san wannan matsala. An kawo masa aikin katin ɗaurin aure, ana so bayan katin ya fito kamar shadda mai sheƙi, ko saƙi irin na kakanni. Sai ya shiga Google, ya kwafo hoton farko da ya gani. A waya hoton ya yi kyau, amma da aka kai maɗaba'a sai zaren ya dagule, launi ya dusashe. Dalili kuwa ƙanƙantar hoton ne. Domin a buga takarda girman A4 ta fito tas, ana bukatar hoto mai ɗigo kusan 2480 a faɗi da 3508 a tsawo.

To ina ake samun manyan hotuna? Gidajen tarihi na duniya sun buɗe rumbunansu. A Fabrairun 2017, gidan tarihin Metropolitan da ke New York ya saki hotuna kimanin 375,000 ƙarƙashin alamar CC0, wato kowa ya ɗauka, ya sarrafa, har ya yi sana'a da su ba tare da neman izini ba. A 2020 cibiyar Smithsonian ta Amurka ta bi sahu da hotuna miliyan 2.8. Rijksmuseum na Amsterdam ya riga su tun 2012. A cikin waɗannan rumbuna akwai siliki na Sin, dardumar Farisa, leshin Turai da saƙar Afirka ta Yamma. Masu zanen gini da wasannin kwamfuta kuwa sukan nufi shafukan Poly Haven da ambientCG, inda ake samun fuskar yadi, fata, katako da dutse, kyauta, an kuma gyara su yadda za a jera ba a ga mahaɗi ba.

Daɗin babban hoto shi ne a matso da shi kusa. Idan aka buɗe hoton tsohuwar babbar riga aka ƙara girmansa, sai a ga ƙyallaye sirara da masaƙi ya saƙa, an haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Sai a ga zaren da aka kaɗa da hannu, nan ya yi kauri, can ya sirance. A kan aljihu kuma ga aska takwas a jere, kowace da tsininta. Wannan rashin daidaiton zaren shi ke ba aikin zane rai, kuma injin saƙa ba ya kawo shi.

Sai dai a kula, ba duk hoton da ke intanet ne na kowa ba. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana da rigunan Hausa da na Nufawa, amma sharaɗin hotunansa na kyauta ya hana kasuwanci da su. Zanen atamfar Vlisco, kamfanin Holand da aka kafa a 1846, mallakar kamfanin ne. Don haka mai zane ya duba ƙasan hoto ya karanta sharaɗinsa kafin ya sauke.

Akwai kuma aikin da ya rage wa na gida. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana aiki har gobe, garin Kura ya yi suna da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, mabuga kuma suna dukan yadi har ya yi ƙyalli. Waya mai kyamara mai kyau ta isa. A shimfiɗa yadin, a bar hasken safe ya bugo shi daga gefe don kowane zare ya fito, a nemi izinin mai sana'a, sannan a ɗora hoton a rumbun Wikimedia Commons tare da sunan yadin da garin da aka yi shi. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa ta 2015 kan sutura da ado aka yi ta, kuma hotunanta na nan ana amfana da su.

Masu zane da masu ɗaukar hoto, marina da masaƙa na kusa da ku, a je a ɗauko hotunansu.