Shekara Goma Iri Biyu: Rikicin Fili a Gassi

Gassi na gefen Kogin Shari, a gunduma ta bakwai ta birnin Injamena. Da can gonaki ne da makiyaya. Yau nan ne ginin majalisar dokokin Chadi yake, birni kuma ya ci gonakin ya mai da su filayen gini. Da kuɗin ƙasa ya tashi, sai iyakar da ake nunawa da bishiya ko tsohuwar kunya ta zama abin zuwa kotu.

Yawancin masu saye a gefen birni ba daga gwamnati suke fara samun fili ba. Wurin magada suke zuwa, bulama ya sa hannu a takardar ciniki, a kira shaidu, a kafa turaku. Sai damina ta zo, ruwa ya kwanta, turaku su ɓace. Maƙwabci ya ja katangarsa taku biyu, ko kuma a wayi gari mutum biyu na riƙe da takardar fili ɗaya. Abin da mazaunin wurin kan fara faɗa shi ne: "Ai na fi shekara goma a nan, ba wanda ya ce mini kanzil."

Maganar tasa tana da tushe. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya riƙe gida ko gona shekara goma, yana gini yana rushewa, mai da'awa kuwa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hukuncin, kuma ta ware dangi da surukai, domin shirun ɗan'uwa sau da yawa kara ce. Alƙalan Kano da Sakkwato sun san wannan babi sarai.

Sai dai dokar Chadi wata hanya ta bi. Dokoki uku na 22 ga Yuli 1967, masu lamba 23 da 24 da 25, su ne ginshiƙi. Ta 24 ta ce takardar mallaka ta gwamnati, wato titir fonsiye, ita ce hujja, kuma in ta fito ba a tayar da ita. Ƙasar da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukarta marar mai ita, sai in an kawo shaidar cewa ana raya ta. A nan ma akwai shekara goma, amma juye take: haƙƙin gargajiya yana faɗuwa idan aka yi shekara goma ba a yi amfani da shi ba. Daɗewa a fili, ke nan, shaida ce kawai da za ka kai ofishin safiyo ka nemi rajista da ita.

A ganina nan ne talaka ke faɗawa rami. Rajista tana cin kuɗi da zirga-zirga, shi ya sa masu ita ba su da yawa, wanda ya iya biya kuma yakan riga mazaunin isa ofis. Mutanen Injamena sun ga ƙarshen abin a 2008, bayan harin 'yan tawaye na watan Fabrairu, lokacin da aka rushe gidaje masu ɗimbin yawa a unguwanni irin su Gardole da sunan filin gwamnati ne, cikinsu har da na iyalan da suka shafe shekaru masu yawa a wurin.